Abin da Idon Baffana Ya Gaya wa Likita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani fanni na ilimi da ban ba shi haƙƙinsa ba duk da shekarun da na kwashe ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, wato binciken da masana ƙwaƙwalwa suke yi a kan motsin ido. Rashin lafiyar baffana ce ta kai ni ga wannan karatu, kuma abin da na samu a cikinsa ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

A daminar bara, baffana, dattijo mai kusan shekara 70 wanda ya daɗe yana fama da hawan jini, ya tashi sallar asuba, yana sunkuyawa zai ɗauki buta sai ɗakin ya juya masa. Jiri ne mai tsanani haɗe da amai, kuma duk lokacin da ya yunƙura ya miƙe sai ya karkata gefe guda kamar ana jan sa da igiya. Bakinsa bai karkace ba, hannu da ƙafa suna motsi, magana kuma tana fita daidai, saboda haka babu wanda ya kawo shanyewar ɓarin jiki a ransa. Aka kai shi wani kemis a unguwa, aka ce maleriya ce ta haɗu da taifod, aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurai. Da muka ga kwana biyu sun wuce ba sauƙi, sai muka ɗauke shi zuwa asibiti, inda muka dace da wata likita matashiya. Ta zauna gab da shi, ta riƙe kansa da hannu biyu, ta ce, "Baba, ka kalli kan hancina, kada ka ɗauke ido." Sai ta ɗan fizgi kan zuwa dama, ta mayar, ta fizga zuwa hagu, idonta a kan nasa. Ta ɗaga yatsa ta sa shi ya kalli dama, sannan hagu. Daga nan ta rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ta buɗe, ta rufe ɗayan. Ina tsaye a bayanta, kuma na ga abin da ta gani: idan ya kalli dama ƙwayar idon tana rawa tana bugawa zuwa dama, idan ya kalli hagu sai rawar ta juya zuwa hagu, kuma duk sa'ad da ta ɗauke tafinta sai idon da aka buɗe ya ɗan sauko kafin ya daidaita. Duka abin bai kai minti uku ba. Ta juyo ta ce da ni, "Malam, wannan jirin daga ƙwaƙwalwa yake, ba za mu sallame shi ba." Hoton da aka ɗauka daga baya ya tabbatar da maganarta: jini ne ya toshe a wata jijiya mai shayar da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wurin da kumburinsa kan iya danne cibiyar numfashi cikin 'yan kwanaki idan ba a sa ido ba.

Na fita daga asibitin nan ina tambayar kaina yadda aka yi ido ya faɗi abin da ke faruwa a ƙeya. Amsar ta fara ne daga kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa kamar zobe, cike da ruwa, a kowane gefen kai. Idan kai ya juya, ruwan yakan ɗan yi jinkirin bin sa, ya tanƙwara wasu 'yan gasusuwa masu ji, su kuma su aika saƙo wanda ke bi ta ƙwayoyin jijiya uku kacal ya isa ga tsokokin ido, waɗanda shida ne a kowane ido. Nan take idanu suke juyawa zuwa kishiyar inda kai ya nufa, daidai gwargwadon juyawar, cikin kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Mai karatu zai iya gwadawa da wannan jarida da ke hannunsa. Ya riƙe ta cak, ya riƙa girgiza kai dama da hagu yana karatu, zai ga rubutun yana nan tsaf. Sannan ya tsayar da kai ya riƙa girgiza jaridar da irin wannan saurin, zai ga haruffan sun dagule. A gwaji na farko kunne ne yake tuƙa ido, a na biyu kuwa ido ne shi kaɗai yake ƙoƙarin bin abin da ke motsi, kuma wannan hanya ta fi jinkiri nesa ba kusa ba.

A shekarar 1952 wani likita a Amurka, wanda ya sa hannu da haruffan J.C. kawai, ya rubuta labarin yadda rayuwarsa ta koma bayan allurar streptomycin ta lalata masa wannan sashe na kunnuwansa biyu. Ya ce idan zai yi karatu a gado sai ya maƙale kansa tsakanin ƙarafan gadon, domin bugun zuciyarsa kaɗai ya isa ya girgiza kan har haruffa su yi ta tsalle. Idan yana tafiya a titi ba ya iya gane fuskokin mutane sai ya tsaya cak, har ya koma gaishe da duk wanda ya gifta don kada ya wuce wanda ya sani. Na kawo wannan ne saboda gentamicin, wadda take dangi ɗaya da streptomycin kuma take iya yin irin wannan ɓarna, allura ce da ake yi wa mutane a kemis a garuruwanmu ba tare da awo ko takardar likita ba. Magani ne mai ceton rai idan an yi shi a muhallinsa, amma wanda aka yi masa shi ya fara jin duniya tana rawa idan yana tafiya, to ya hanzarta ya ga likita.

Fizgar kan da likitar ta yi wa baffana gwaji ne da Michael Halmagyi da Ian Curthoys suka bayyana a Sidni ta ƙasar Ostiraliya a 1988. Idan ciwon na kunne ne, idanu sukan tafi tare da kai, sannan su yi tsalle su dawo kan hancin likita. Idan kuwa idanun sun tsaya daram amma mutum yana cikin jiri mai tsanani da rawar ido, to kunne lafiyarsa ƙalau, sai a nemi matsalar a ƙwaƙwalwa. A 2009 Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokan aikinsu a Amurka suka haɗa wannan gwaji da sauran biyun da na gani, wato duba ko rawar ido tana sauya alƙibla da kuma rufe ido ɗaya bayan ɗaya, suka gwada su a kan majinyata 101 masu jiri da ke cikin haɗarin toshewar jini a ƙwaƙwalwa. Gwaje-gwajen uku sun kama duk waɗanda matsalarsu ta ƙwaƙwalwa ce, alhali hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI da aka ɗauka cikin kwana biyu na farko ya kuskure wasu daga cikinsu. Dole in faɗi cewa gwajin yana buƙatar ƙwararren hannu da horo, kuma an yi shi ne domin mai jirin da ba ya yankewa, saboda haka kada wani ya je ya riƙa fizgar wuyan tsoho a gida. Amma a ƙasar da na'urar MRI take da wuyar samu kuma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, gwajin da ba ya buƙatar komai sai hannu biyu da ido mai lura ya cancanci a koya wa kowane likita da jami'in lafiya da ke karɓar marasa lafiya a ƙauye da birni.

Da na ci gaba da karatu sai na gane cewa abin ya wuce ɗakin asibiti. Mu a aji mukan zana ido a allo mu ce kamar kyamara yake, mu wuce, kuma yanzu ina ganin wannan kwatance ya rage wa ɗalibai rabin labarin. Wurin da yake gani tar a tantanin bayan ido ɗan ƙanƙani ne ƙwarai, abin da yake ɗauka bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Duk abin da ke gefen wannan dishi-dishi ake ganin sa. Dalilin da ya sa ba mu lura da haka shi ne ido yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke guntayen ta ba mu hoto guda. Tsallen yana da sauri har yakan kai digiri 500 a daƙiƙa, kuma a lokacin da ake yin sa ƙwaƙwalwa tana danne gani. Duk wanda ya tsaya gaban madubi ya kalli idonsa na dama sannan na hagu ba zai taɓa ganin idanunsa suna motsi ba, amma wanda ke tsaye kusa da shi zai gani sarai. Haka kuma duniya ba ta girgiza duk da wannan tsalle-tsalle, domin duk umarnin da ƙwaƙwalwa ta aika wa tsokokin ido tana ajiye kwafinsa a sashen gani, tana sanar da shi cewa motsin da zai gani nata ne. Hermann von Helmholtz na Jamus ya nuna haka tun ƙarni na 19 da hujja mai sauƙi: idan mutum ya rufe ido ɗaya ya ɗan tura ɗayan a hankali da yatsa ta kan fatar ido, sai ya ga duniya ta motsa, saboda wannan motsi bai zo da sanarwa ba.

Abin ya burge ni da na ga cewa Ibnul Haisam, masanin ilimin haske da gani, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 kuma ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya bambanta tsakanin gani na kallo ɗaya da gani na ƙura ido, ya kuma bayyana cewa ba a tantance siffar abu sai an yawata tsakiyar gani a kan sassansa ɗaya bayan ɗaya. Kusan shekara 850 bayan haka ne, wajen 1879, aka lura a ɗakin binciken likitan ido Émile Javal a birnin Paris cewa idon mai karatu ba ya zamewa a kan layi sumul, tsalle yake yi yana tsayawa. Sai kuma Alfred Yarbus a Mosko, wanda ya riƙa manna wani ɗan ƙoƙo mai madubi a kan ƙwayar ido yana zana hanyar da ido ya bi, aikin da ya bazu a duniya bayan an fassara shi a 1967. Ya nuna wa mutum zanen Ilya Repin na wani baƙo da ya shigo ɗaki ba zato, ya riƙa sauya tambaya. Da aka ce ya ƙiyasta shekarun mutanen ɗakin sai ido ya tare a fuskoki, da aka ce ya ƙiyasta arzikin gidan sai ya koma kan kujeru da tufafi. Zane ɗaya ne, ido ɗaya ne, amma abin da zuciya take nema shi ne yake jan ragamar kallo, kuma daga nan masana suka gane cewa bin sawun ido hanya ce ta leƙa tunani.

A nan ne zan ɗan daɗe, domin maganar ta shafi sana'ata. Idan gwanin karatu yana karanta rubutun boko, idonsa yakan tsaya kimanin rubu'in daƙiƙa a wuri, sannan ya tsallake haruffa bakwai zuwa tara, kamar yadda aka auna a masu karanta Ingilishi. George McConkie da Keith Rayner sun ƙirƙiro wata dabara a 1975, inda kwamfuta take ɓoye duk rubutun shafi sai 'yar taga da ke bin ido duk inda ya je. Da wannan dabara aka gano cewa mai karatu yana amfana da haruffa uku ko huɗu a hagun inda ya tsaya, da kuma 14 ko 15 a damansa, wato hankalinsa yana riga idonsa zuwa gaba. A 1981 aka gwada masu karanta Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu, sai aka ga tagar ta juya ta fi faɗi ta hagu, kuma mutum ɗaya mai harsuna biyu tagarsa tana juyawa gwargwadon rubutun da ke gabansa. Daga baya aka samu irin wannan a masu karanta Larabci. To, ina al'ummar da ta fi mu dacewa da wannan bincike? Yaronmu yana karanta allo da asuba daga dama zuwa hagu, da hantsi ya karanta boko daga hagu zuwa dama, da yamma ya koma Islamiyya, kuma dattawanmu da yawa harshe ɗaya suke karantawa da ajami da boko. Ga kuma wani abu na rubutunmu: boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalma kamar "gari" ko "kuka" ko "fari" ba a sanin wacce ake nufi sai an ga abin da ke kewaye da ita. Ina kyautata zaton wannan yana sa idon mai karanta Hausa ya riƙa komawa baya a wuraren da za a iya hasashensu, kuma zan so in ga sassan nazarin harshe da na likitanci a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun haɗa kai sun auna shi.

Komawa baya ɗin nan ma ba aibu ba ne. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen idon gwanayen karatu baya suke komawa, domin gyara fahimta. Saboda haka ina jan hankalin iyaye game da masu tallar koyar da karatun gaggawa, waɗanda suke alkawarin cewa yaro zai haɗiye shafi da kallo ɗaya idan ya daina mayar da ido baya. Rayner da abokan aikinsa sun tattara binciken shekaru masu yawa a wani nazari da ya fito a 2016, suka nuna cewa duk saurin da ya wuce ƙima fahimta ce take biyan kuɗinsa, kuma abin da yake ƙara saurin karatu na gaskiya shi ne yawan kalmomin da mutum ya sani da yawan karatun da yake yi. Haka nan ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka sun bayyana cewa motsa jikin ido ba ya warkar da matsalar nan ta yaron da yake da basira amma haɗa baƙi yake gagararsa, domin tushenta yana wajen danganta harafi da sauti.

Akwai kuma yaran da matsalarsu ta ido ce da gaske, mu malamai muke yi musu fassarar da ba ita ba. Na taɓa koyar da wata yarinya zabiya wadda idanunta kullum suna rawa, kuma idan tana kallon allo sai ta karkatar da kai gefe tana kallo ta wutsiyar ido. Na sha ce mata ta zauna daidai ta fuskanci allo, kuma har yau abin yana damuna, domin yanzu na san cewa masu irin wannan rawar ido sukan sami wata kusurwa da rawar take lafawa, karkatar da kan kuma dabara ce da yaro yake gano wa kansa don ya gani. Abin da take buƙata shi ne kujerar gaba, rubutu manya, kariya daga hasken taga, da ganin likitan ido. Haka yaro mai harara-garke, wanda ake yi wa dariya ko a ce zai daidaita idan ya girma. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna a kan dabbobi cewa akwai wani lokaci a ƙuruciya da idan ƙwaƙwalwa ba ta sami hoto mai kyau daga ido ba, sai ta ba ɗaya idon wurinsa. Shi ya sa gyaran ya fi cin nasara idan an fara shi da wuri, kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas.

Dangantakar ido da hannu ita ma an auna ta. Michael Land na Jami'ar Sussex a Ingila ya ɗaura wa mutane na'urar bin ido a ka, ya sa su haɗa shayi a kicin, ya wallafa sakamakon a 1999. Ya ga cewa ido yana isa kan kowane abu kimanin rabin daƙiƙa kafin hannu ya nufe shi, kuma sau da yawa yakan bar shi ya wuce abu na gaba tun hannu bai gama ba. Bayan na karanta wannan sai na zauna a teburin mai shayin unguwarmu ina kallon idonsa maimakon hannunsa, na ga yana cikin zuba ruwan zafi idonsa ya riga ya koma kan gwangwanin madara, yana juya cokali kuma ya riga ya kalli burodin da zai yanka. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta sami wani abu makamancin haka a 1996 wajen 'yan ƙwallon kwando, cewa gwanaye sukan kafe ido a kan raga na tsawon lokaci fiye da na baya gare su kafin su saki ƙwallo.

Land ɗin ne kuma, tare da David Lee, ya nuna a 1994 cewa direba yakan kai idonsa gefen ciki na kwana daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya shige ta, daga nan hannu yake samun gwargwadon murɗa sitiyari. Ma'ana, sitiyari yana bin abin da ido ya riga ya gani ne. Wani bincike da cibiyar nazarin sufuri ta Virginia Tech ta yi a Amurka, inda aka sa kyamarori a motoci 100 aka bi su kimanin shekara guda, ya nuna a 2006 cewa ɗauke ido daga hanya fiye da daƙiƙa biyu yana ninka haɗarin karo ko kusan karo. Lissafin mai sauƙi ne: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka direban da ya duba waya na daƙiƙa biyu a hanyar Zariya zuwa Kano ya yi tafiyar mita 56, fiye da rabin filin ƙwallo, ba tare da ya ga komai ba. Rashin barci kuma yana rage saurin tsallen ido, yana sa fatar ido ta riƙa sauka a hankali tana daɗewa a rufe, sau da yawa kafin mai shi ya yarda cewa yana jin barci. Ina faɗin wannan ne da tunanin direbobinmu masu kwana a hanya da lodin tumatir ko shanu zuwa Kudu, waɗanda suke dogara da goro da shayi mai kauri, alhali waɗannan ba sa biyan bashin barci. Yaron mota ko fasinjan gaba da ya ga idon direba ya ƙafe wuri ɗaya yana lumshewa, ya kamata ya yi magana ko da za a ji haushinsa.

Wani gwaji da ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa shi ne wanda Peter Hallett ya fito da shi a Kanada a 1978. Ana ce wa mutum idan haske ya bayyana a dama ya kalli hagu, idan ya bayyana a hagu ya kalli dama. Ɗabi'ar ido ita ce ya zabura zuwa ga sabon abu, saboda haka cin wannan gwaji yana buƙatar goshin ƙwaƙwalwa ya taka birki, sannan ya ba da sabon umarni. Ƙananan yara suna yawan faɗuwa, suna kuma gyaruwa yayin da suke shiga samartaka, masu rauni a goshin ƙwaƙwalwa da masu wasu cututtukan mantuwa na tsufa su ma suna yawan kuskure. Okihide Hikosaka da Robert Wurtz sun nuna a 1983, ta hanyar nazarin birai, cewa wasu ƙwayoyin jijiya can cikin ƙwaƙwalwa suna riƙe da cibiyar tsallen ido a kulle koyaushe, sai an so motsi suke sassautawa, kuma da'irar da waɗannan ƙwayoyi suke cikinta ita ce cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nauyin motsi, take dagulawa. A matsayina na malami, wannan ya sa na sake tunani a kan yaron firamare da muke duka saboda ya waiwaya da aka buɗe ƙofa, alhali birkin da muke nema a wurinsa bai gama ginuwa ba.

Sai dai duk wannan ba ya nufin ido yana tona kowane asiri. Akwai maganar da ta yaɗu a wayoyi cewa wanda ya kalli sama ta dama yana magana ƙarya yake yi. Richard Wiseman da abokan aikinsa a Birtaniya sun gwada wannan a 2012 ba su sami wata alaƙa ba. A wurinmu ma haɗarin wannan zance ya fi yawa, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, matar da take jin nauyin surukinta ƙasa take kallo, kuma kunya ce take sa su haka. Shugaban makaranta ko mai bincike da ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin shaidar laifi zai zalunci mai ladabi ya saki mai tsaurin ido.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarka ta riƙa gayyato likitocin ƙwaƙwalwa da na ido da na kunne su yi wa jama'a bayani da Hausa a shafin lafiya, musamman a kan cewa jiri mai tsanani da ya zo farat ɗaya ga mai hawan jini ko ciwon sukari, tare da kasa tsayuwa ko ganin abu bibbiyu, dalili ne na zuwa asibiti a ranar, ko da baki bai karkace ba. Ina kuma roƙon kwalejojin horar da malamai su sa ɗan wannan ilimi a darasin koyar da karatu.

Baffana ya yi kwana 12 a asibiti. Da aka sallame shi, mai gashin ƙashi ya ba shi aikin da zai riƙa yi a gida: a manna takarda mai babban harafi a bango, ya kafe ta da ido yana juya kai a hankali, sau da yawa a rana, tare da koyon tsayuwa da tafiya a kan layi. Na tambayi amfanin hakan, ya ce ƙaramar ƙwaƙwalwa ita ce mai gyara lissafin da ke tsakanin kunne da ido, kuma da kuskure take koyo, shi ya sa ma wanda ya sa sabon tabarau yakan ji jiri na 'yan kwanaki kafin ya saba. Jikarsa ce ta rubuta masa harafin ba da tawada a bayan kwali ta liƙa a bangon zaure. Makonnin farko yana yi yana riƙe da kujera, yana cewa harafin yana guje masa. Yanzu yana zuwa masallaci da sanda, kuma a watan azumin da ya wuce ya koma karanta izunsa na kullum da kansa, yana bin layi da yatsa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Malamin makaranta mai ritaya,
Zariya.